Shaidar da Ke Cikin Jini: A Yi Mata Tazkiya Kafin a Karɓe Ta

Tun ranar 7 ga Oktoba, 2024, da aka yi shela a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin cewa lambar girma ta Nobel a fannin likitanci ta faɗa hannun waɗansu malamai biyu Amurkawa, Victor Ambros da Gary Ruvkun, saboda gano 'yan mitsi-mitsin sinadarai da ake kira maikro-RNA, wata magana ta riƙa kai-komo a wayoyinmu da majalisunmu, mu Hausawan Ikko, daga Zangon Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa nan Ilupeju. Maganar kuwa ita ce, wai zamani ya zo da za a ɗibi jinin mutum cikin 'yar kwalba, a duba, a gaya masa ko ciwon daji ya fara tsiro a hanjinsa, ko tumbinsa, ko hantarsa, tun ciwon bai yi masa sallama ba. A kan wannan mas'ala na ga jama'a sun kasu uku: masu zumuɗi da ke cewa a kawo gwajin gobe-goben nan, da masu ganin almubazzaranci ne ga talakan da bai gama da zazzaɓi ba, da kuma masu cewa duk abin da za a taɓa jininsu saboda shi, to, ba da su ba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu inda na tsaya ba. Ilmin nan gaskiya ne, kuma ina kyautata zaton zai amfani 'yan Adam. Amma a yau ban yarda ɗan kasuwa ya cire kuɗin guminsa ya sayi wannan gwaji da sunan tantance lafiyarsa ba, ban kuma yarda hukuma ta gabatar da shi a kan abin da ya fi shi muhimmanci ba, har sai an jarraba shi a jininmu. Malamanmu na fiƙihu sun shimfiɗa ƙa'ida a babin hukunci, cewa alƙali ba ya gina hukunci a kan maganar shaida, kome zaƙin bakinsa, sai an yi masa tazkiya, wato sai mutanen da suka zauna da shi, suka yi mu'amala da shi, sun tabbatar da adalcinsa. Wannan gwaji shaida ne da ya zo mana daga nesa da takardun yabo, amma waɗanda suka yi masa tazkiya galibinsu mutanen Sin ne da Singafo da Koriya. Yi masa tazkiya a nan kuwa, a ganina, farillar kifaya ce da ta hau kanmu.

Kafin mu shiga muhawara, ya kamata mu san abin da muke muhawara a kansa, domin rashin sani ya fi dare duhu. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kusan kowacce kuwa tana ɗauke da kundin umarni iri ɗaya, wanda masana ke kira DNA. Amma duk da haka ƙwayar hanta aikin hanta take yi, ta hanji tana na hanji, saboda kowacce akwai babin da take buɗewa da wanda take rufewa. Idan ƙwaya za ta ƙera wani furotin, sai ta kwafo umarninsa a wani dogon zare mai suna RNA ɗan saƙo, ta aika da shi wurin ƙira. Shi kuwa maikro-RNA guntun zare ne, harufansa kimanin 22, ba ya ƙera kome. Aikinsa kawai ya je ya liƙe wa ɗan saƙon nan, ya hana a karanta shi, ko ya jawo a rushe shi, da haka ƙwaya ke daidaita yawan abin da take ƙerawa. Ciwon daji kuwa, duk inda ya tsiro, lalacewar daidaito ne, ƙwaya ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ta ƙi mutuwa a lokacin da ya kamata ta mutu. Idan hakan ta auku, sai a ga waɗansu maikro-RNA sun yi yawa fiye da kima, waɗansu sun ƙaranta.

Yadda ilmin ya taso ma akwai wa'azi a cikinsa ga mai gaggawa. A 1993 ne Ambros da Ruvkun suka bayyana abin da suka gani a jikin wata 'yar tsutsar ƙasa mai tsawon kimanin milimita 1, masana kuwa suka ɗauke shi wani abin al'ajabi da ya keɓanta da tsutsa, suka kau da kai, sai a 2000 da Ruvkun da jama'arsa suka gano na biyu, mai suna let-7, aka kuma same shi a jikin ƙuda da kifi da mutum. A 2002 Carlo Croce da George Calin suka nuna cewa biyu daga cikinsu sun ɓace a wani nau'in kansar jini. A 2008 masu bincike a Seattle ta Amurka da Nanjing ta Sin suka tabbatar da cewa waɗannan zarurruka suna yawo cikin ruwan jini, ba kuma sa saurin lalacewa kamar sauran RNA, wannan kuwa shi ya buɗe ƙofar mayar da su alamar cuta. Yau an san fiye da 1,000 a jikin mutum. Shekara 31 ke nan tsakanin tsutsa da Nobel. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A fagen dajin hanyar abinci, wato maƙogwaro da tumbi da hanji da hanta da fankiriyas, mutanen gabashin Asiya ne suka yi zarra, domin kansar tumbi ta fi yi musu ɓarna fiye da kowa. A 2009 likitoci a Hong Kong suka ba da labarin cewa wani mai suna miR-92a yana hauhawa a jinin masu kansar babban hanji. A 2011 Asibitin Zhongshan na Shanghai ya fitar da haɗin guda 7 domin gano kansar hanta da ke biyo bayan ciwon hanta nau'in B, cikinsu har da miR-122, wanda shi ne ya fi kowanne yawa a hanta. A 2019 hukumar lafiya ta Singafo ta ba da izinin wani gwajin jini mai suna GASTROClear, mai auna guda 12 domin kansar tumbi, binciken da ya shafi mutum fiye da 5,000 na Singafo da Koriya, wanda aka buga a 2021, ya kuma nuna cewa yana kama kashi 87 cikin 100 na masu ciwon, yana wanke kashi 68 cikin 100 na marasa shi. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu, za mu dawo kansu.

Hujjar masu zumuɗi ba ƙarama ba ce, kuma zalunci ne a raina ta. Suna cewa, ku dubi yadda muke mutuwa. Ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ba Nijeriya sababbin majinyata kimanin 128,000 a shekara, da mamata kusan 80,000. Wani nazari da aka buga a 2017 a kan masu kansar hanta a manyan asibitocin Afirka, har da na Nijeriya, ya nuna cewa in aka cire Masar, tsakatsakin shekarun majinyaci 46 ne, tsakatsakin abin da yake rayuwa bayan an gano ciwon kuwa wata biyu da rabi. Magidanci ke nan mai 'ya'ya a makaranta, wanda aka gaya masa ciwonsa da azumi, bai ga babbar salla ba. Wane mai imani ne zai ji wannan, sa'an nan a ce masa ga hanyar gano ciwon da wuri, ya ce a dakata?

Dalilin wannan jinkiri kuwa ba a ɓoye yake ba, duk wanda ya tsaya a bakin tasha a Agege da yamma ya gan shi. Ga mai magani ya buɗe bayan mota, ya jera jarkoki da ƙulle-ƙullen sassaƙe, amsa-kuwwa na zuba: jini a bayan gida, basir ne, taurin bayan gida, basir ne, kumburin ciki da rama da kasala, duk basir ne. Mutane na miƙa kuɗi suna sunkuyar da kai, kowa na gudun a haɗa ido da shi. Ba na musun cewa mafi yawan masu ganin jini basir ɗin ne da su. Amma abin da amsa-kuwwar nan ke lissafawa, su ne kuma alamomin kansar babban hanji ɗaya bayan ɗaya. Mai jin zafi a ƙahon zuci ya ce olsa ce, ya yi shekara yana shan maganin kemis. Wanda idonsa ya yi ɗorawa ya ce shawara ce. Wanda aka ce a yi masa aiki, dangi su ce daji ba ya son ƙarfe. Saboda haka masu zumuɗi ke cewa, mutumin da kunya ba za ta bar shi a zura masa na'ura ta dubura ba, ai ba zai ƙi miƙa hannu a ɗibi jini ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake son gwajin ya yi nasara. Amma so daban, hujja daban.

Amsata ta farko lissafi ce. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, an tara mutum 10,000 masu lafiya a zahiri, 10 daga cikinsu na da kansar tumbi ba su sani ba. Gwajin da ke kama kashi 87 cikin 100 zai kama kamar 9 daga cikin goman, madalla. Amma tun da kashi 68 cikin 100 na masu lafiya kaɗai yake wankewa, to, zai nuna yatsa ga mutum kusan 3,200 waɗanda ba abin da ke damunsu. Kowane ɗayansu zai koma gida da fargaba, ya hana iyalinsa barci, ya nemi kuɗin leƙa tumbi da na'ura mai kyamara. Ina na'urorin? Ina likitocin? A Singafo an yi gwajin ne domin ya tace waɗanda za a fara kai wa ga na'urar, na'urar kuwa tana nan tana jira. Haka kuma, duk inda ciwo ya ƙaranta cikin jama'a, nan ƙarya ke rinjayar gaskiya a sakamakon gwaji. Mu kuwa tun 1992 wani likita da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya ja hankalin duniya ga cewa ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ake dangantawa da kansar tumbi, ta cika cikin mutanenmu, amma kansar tumbi da ake gani ba ta kai yadda ake zato ba.

Ba ma sai mun tsaya ga misali ba, domin an yi irin wannan a ƙasarmu da wani gwaji da ya fi wannan tsufa da tabbaci. Farfesa Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aikinsa, sun raba wa mutum fiye da 2,000 a jihohin Osun da Kwara da Legas gwajin bayan gida mai neman ɓoyayyen jini, irin wanda ƙasashen Turai da dama suka dogara da shi wajen tantance kansar hanji, suka buga natijar a 2022. Jama'a sun karɓa hannu biyu, kusan 9 cikin 10 suka mayar da samfurinsu. Amma kimanin 1 cikin 5 gwajin ya nuna wa yatsa, da aka leƙa hanjin waɗanda suka zo, kimanin 1 cikin 100 ne aka samu da ciwon daji. Idan gwajin da ya shekara aru-aru a hannun likitoci ya canja hali da ya taka ƙasarmu, ina ga wanda jiya-jiya aka haife shi? Zanen aro ba ya rufe katara.

Amsata ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ta shafi jininmu mu kanmu. A 2012, masu binciken nan na Seattle da suka buɗe ƙofa a 2008, su da kansu suka dawo da gargaɗi. Sun ɗauki maikro-RNA 79 da aka riga aka yi shelar cewa alamomin ciwon daji ne a jini, suka tarar da cewa kashi 58 cikin 100 nasu suna nan danƙam a cikin ƙwayoyin jini na kowa da kowa, kuma sauyin yawan ƙwayoyin jini, ko fashewar jajayen cikinsu, na iya ɗaga ma'aunin har ninki 50. Shi kansa miR-92a da aka yaba a Hong Kong yana cikin waɗanda jajayen ƙwayoyi ke ɗauke da su. To, a wace ƙasa ce jajayen ƙwayoyin jini suka fi fashewa? Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya, zazzaɓin nan kuwa sana'arsa ke nan, fasa jan jini. Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu amosanin jini, wato sikila, kimanin mutum 1 cikin 4 na ɗauke da gadonsa. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun ma nuna a 2012 cewa waɗansu maikro-RNA, irin su miR-451, sun fi yawa a ƙwayoyin masu sikila. Shin gwajin zai bambanta mai daji da wanda ya tashi daga zazzaɓi makon jiya? Wannan tambaya ba mai amsa ta a Shanghai, don ba su da dalilin yin ta.

Ko a jinin mai cikakkiyar lafiya ma, fashewar na iya faruwa bayan jinin ya bar jiki. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin awo ya san ruwan jini da aka tace, launinsa fatsi-fatsi ne kamar ruwan ɗorawa. Amma idan an ja shi da ƙarfi ta siririyar allura, ko an bar kwalbar tana jijjiga a akwatin ɗan aike, cikin zafin rana da cunkoson Oshodi, kafin ta isa ɗakin awo a Yaba sai ka ga ruwan ya yi ja-ja. Wani lokaci ma fashewar ba ta kai ido ya gani ba, amma ta isa ta ɓata ma'auni. Ƙara da wutar lantarki da ke ɗaukewa a kan firjin ajiya, sai ka gane cewa matsalar ba ta tsaya ga ingancin gwajin a takarda ba. Ta haɗa da hanya, da zafi, da hannun mai ɗiban jini.

Amsa ta uku, ciwon kansa ba lalle ne ya zama iri ɗaya ba. Ƙungiyar binciken kansa da Alatise ya kafa a 2013 tare da Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York ta buga nazari a 2021, inda aka gwama kansar hanjin 'yan Nijeriya da ta Amurkawa. An tarar da cewa kimanin kashi 28 cikin 100 na namu suna da wani lahani a tsarin gyaran kurakuran DNA, wato ninki biyu ko fiye na abin da aka gani can, sa'an nan sauyin ƙwayar gado mai suna APC, wanda shi ne ruwan dare a can, ya yi ƙaranci a nan. Idan tushen ya bambanta, da wace hujja za mu yanke cewa alamar za ta zama ɗaya? An taɓa ganin haka da tsohon gwajin CA 19-9 na fankiriyas, wanda waɗansu mutane jikinsu ba ya ƙera sinadarin sam, irin waɗannan mutane kuwa sun fi yawa cikin baƙar fata. Wata ƙidaya ta 2019 ta nuna cewa 'yan asalin Afirka kimanin kashi 2 cikin 100 ne kacal na waɗanda aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu. Ba a tambaye mu ba, don haka ba a san mu ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi duka nauyi: idan gwajin ya faɗi gaskiya, sai me? Tun 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗan tantance jama'a, daga cikinsu akwai cewa kada a nemo ciwo sai akwai magani karɓaɓɓe, akwai kuma wurin tabbatarwa da wurin jiyya. Ikko ta fi yawancin garuruwanmu sa'a, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, da cibiyar kansa da aka buɗe a cikinsa a 2019, ga na jiha a Ikeja; amma mai tura baro ko mai yankan farce, da me zai shiga? Asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da kansar mama ya fara, da ta bakin mahaifa, da ta furostet da ke kama maza. Gaya wa mutum yana da daji alhali ba ka tanadar masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ɗora masa kaya ne ba gammo. Ba banza ba, har yau manyan ƙa'idojin tantance kansar hanji a Amurka da Turai ba su sa maikro-RNA cikin gwaje-gwajen da suke umarni da su ba.

Nan ne kashi na biyu za su ce, to ai ka zo wurinmu, a bar zancen gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce rigakafi ya fi magani, kuma a kan tsarin fifiko ina tare da su ɗari bisa ɗari. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ne babban sanadin kansar hanta a ƙasarmu. Allurar rigakafinsa ta shiga jadawalin yara tun 2004, ana kuma so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, abin da kan kuɓuce wa wanda aka haifa a gida. Ga dafin aflatoksin da ke fitowa daga funfunar gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, wanda idan ya haɗu da ciwon hanta sai haɗarin ya riɓanya. Cibiyar IITA ta Ibadan ta ma fitar da maganin gona mai suna Aflasafe domin rage shi. Waɗannan an gama yi musu tazkiya, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Duk nairar da aka ɗauke daga gare su aka kai wa sabon gwaji, an yi asararta.

Inda na rabu da su shi ne a kan kalmar "a bari". Rigakafi na ceton wanda bai kamu ba. Miliyoyin da suka riga suka kamu fa? Su abin da likitanci ke da shi yau shi ne magani irin su tenofobir ga wanda ya cancanta, da hoton hanta da gwajin jini na AFP duk wata 6, AFP kuwa kan kuskure kusan 4 cikin 10 na masu ciwon. A nan ne ake buƙatar sabon shaida da gaske, kuma haɗin nan na Shanghai domin irin wannan kansar aka yi shi, wadda ke biyo bayan nau'in B, wato irin tamu. Kayan aikin ma ba baƙi ba ne: na'urar PCR da ake auna maikro-RNA da ita, ita ce aka baza a jihohi lokacin korona a 2020, da ma'aikatan da aka horar a kanta. Daga Ilupeju zuwa Cibiyar Binciken Likitanci ta Nijeriya a Yaba, inda Farfesa Stella Smith ta shekara da shekaru tana nazarin Helicobacter, tafiyar 'yan mintoci ce in hanya ta buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muka naɗe hannu, gwajin zai iso mu duk da haka, ta hannun 'yan kasuwa, da ma'aunin da aka yanka wa wasu.

Saura kashi na uku, masu gudun a taɓa jininsu, ba kuwa zan kira su jahilai ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya san abin da ya faru a Asibitin Zana na Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, har aka kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009, ya san cewa tsoron nan yana da asali. Amma ƙiyasi ba ya inganta idan akwai bambanci tsakanin abubuwa biyu: can an sa wa yara magani a jiki, nan kuwa cokali guda na jini za a ɗiba a duba. Darasin 1996 shi ne mu shiga da sharaɗi, da idonmu a buɗe. Masu cewa neman sanin ciwo kafin ya bayyana ya saɓa wa tawakkali kuwa, su koma ga malamansu. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, riƙo da sababi kuma bai taɓa zama kishiyar dogaro ga Allah ba.

Ga abin da nake gani ya dace. A fara jarrabawar da mutum iri biyu: masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da masu alamomin da dama za a leƙa cikinsu, domin a gwama abin da jini ya ce da abin da ido ya gani. A rubuta wa kowane samfuri ko mai shi ya yi zazzaɓi kwanan nan, da rukunin jininsa na sikila, da awa nawa kwalbar ta yi a hanya. A haɗa Idi-Araba da Yaba da Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, domin Bahaushen Ikko ƙafarsa ɗaya na nan, ɗaya na gida, sau da yawa ma can yake komawa jiyya. Sarakunan Hausawa da limamanmu da shugabannin kasuwa su buɗe ƙofa, amma da sharuɗɗa a rubuce: a yi bayani da Hausa, kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, mata su duba mata, a ajiye jinin a ƙasar nan, a dawo a gaya wa jama'a abin da aka gano, wanda kuma aka samu da ciwo a ɗauki nauyin jiyyarsa. Attajiranmu da ke gina masallatai su tuna cewa ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ya ƙware a wannan fanni, ko sayen na'urar leƙa hanji guda, shi ma sadaka ce mai gudana.

Kai kuwa mai karatu, kada ka jira wannan duka. Duk wanda ya tallata maka gwajin jini da sunan zai wanke ka daga kowane irin daji, ka tambaye shi a kan mutum nawa 'yan Nijeriya aka jarraba shi, da kuma wanda zai leƙa cikinka idan ya nuna maka yatsa. In bai da amsa, riƙe kuɗinka. Ka je a auna ka ciwon hanta, kai da iyalinka, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi, jaririn da aka haifa yau a kai shi yau. Ka zubar da gyaɗar da ta yi funfuna. Idan kuwa kana ganin jini a bayan gida, ko yanayin fitarsa ya canja ya ƙi komawa, ko kana rama ba dalili, ko abinci na tsaya maka a ƙirji, musamman in ka haura 40, to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka tafi asibiti cikin makon nan, ka faɗa wa likita kome da kome. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ba mu ikon yin abin da ya hau kanmu.